Rubutun Hagu

Ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan, mai taga biyu wanda rana ba ta dukansa, ba mutum ne ke kwana a ciki ba. Littattafai ne. Auta kuwa, da ta doshi arba'in, har yanzu a ɗan ɗakin da ke jikin kicin take kwana, inda in ta miƙe ƙafa sosai sai ta taɓa ƙofa.

Babanta tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Bai taɓa koyarwa a ko'ina ba, amma 'yan unguwa Farfesa suke ce masa, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi shi har ya fara amsawa. Ciwon tara littattafai ya kama shi tun yana saurayi a bayan kanta, ranar da wani ƙunshi ya yage a hannunsa, ɗan littafin talla na dillalan tsofaffin littattafai ya faɗo. Daga ranar albashinsa ya yi sabon ubangida. Kuma ba kowane littafi yake saye ba. Sai na falsafa, sai bugun farko, sai kuma wanda wani babban mutum ya taɓa mallaka ya sa sunansa a shafin fari. In babu suna, ko kyauta aka kawo masa sai ya ce a kai wa mai kanti ya naɗe sabulu.

Akwai wanda ya fito daga hannun wani alƙalin alƙalai, har da tabon shayinsa a tsakiya. Akwai na wata likita da aka ce ita ce mace ta farko da ta yi tiyata a ƙasarsu. Akwai na wani minista da ya ƙare a kurkuku, wanda ya riƙa jan layi da farce a ƙarƙashin duk maganar da ta burge shi, saboda an hana shi abin rubutu. Baba ya san mutanen nan fiye da yadda ya san surukansa. Ya san wanda ke lanƙwasa kusurwar shafi, ya san wanda ya tsaya a rabi bai ƙarasa ba, kuma har yau bai yafe masa ba. Abin da ke cikin littattafan kuwa, Allah na tuba, Auta ba ta taɓa jin ya kai bayanin ko ɗaya ƙarshe ba. Akwai kanta guda cike da masu gardama a kan ko mutum yana da zaɓi a rayuwarsa ko ba shi da shi. Ita dai ƙurarsu take gogewa.

Tsohuwar takarda ta fi jariri son hidima. Ba ta son danshi, ba ta son zafi, gara na nemanta, kyankyasai na nemanta. Duk farkon wata sai an sauko da littattafan, a kaɗa shafukansu a hankali su sha iska, a share bayansu da burushi mai laushi, a mayar da kowanne gurbinsa. Tun yaran suna ƙanana Baba ya jera su ya duba hannuwansu kamar mai zaɓen tumatir. Tafin Yaya Babba gumi yake yi. Yayarta mace ba ta rabuwa da man shafawa. Hannun Auta ne kaɗai ya fito a bushe tas. Da haka aka naɗa ta. A lokacin har yanga ta riƙa yi wa yayyenta, yarinya ba ta san abin da ta karɓa ba.

Shekaru suka tafi. Mama ta rasu, yayye suka yi aure suka watse, kowa da ya zo ziyara sai ya ce, "Ai ke kika iya da Baba." Sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa, ya bar shi a kujera mai taya. Maganarsa ta dawo, a hankali amma sarai. Da rana ƙanwarsa, Goggo, ke zuwa ta zauna da shi, Auta ta tafi aikinta a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Da yamma ta dawo ta karɓi aiki na biyu. Safe ɗakin gwaji, yamma ɗakin littattafai, dukkansu wuraren da ba a ɗaga murya kuma sai an wanke hannu ake shiga.

Sai ga waya daga wata tsohuwar abokiyar karatunta. Wani babban asibiti a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, yana neman wadda za ta shugabanci ɗakin gwajinsa, har da gidan zama. An ba ta zuwa ƙarshen wata ta amsa.

"Sau biyu kina ba ni kunya," in ji ƙawar. "In kika ƙi wannan, wallahi ba zan ƙara ambaton sunanki a gaban kowa ba. Shekarunmu ba tsayawa suke yi ba, Auta."

Auta tana son aikin nan har cikin ƙashinta. Ba muƙamin ne ma ya fi tsaya mata a rai ba, gidan ne. Ɗaki mai taga da za ta buɗe lokacin da ta ga dama, ta soya abu ba tare da an ce hayaƙi na shiga takarda ba.

Ta kira Yaya Babba. Ya saurara, ya yi gyaran murya irin ta manyan 'ya'ya.

"Baba ai ba matsala ba ne. Ɗakin baƙi na nan, gobe ma in ya so mu zo mu ɗauke shi. Amma littattafan nan fa, Auta? Ina zan sa su, a kan rufi? Ga yara, ga matar gidan ta ce warinsu na sa ta atishawa."

Baba kuma maganarsa ɗaya ce tun da daɗewa: inda suke, nan yake. Sayarwa kuwa ko a mafarki. Wani dillali da ya taɓa zuwa da wannan magana bai ƙarasa shan ruwan da aka kawo masa ba. Don haka lissafin a fili yake. In littattafan suka sami wurin zuwa, Baba zai koma gidan Yaya Babba, ita kuma ta tafi. In ba su samu ba, kowa ya zauna inda yake.

Ta yi ta yawo a lokacin hutun cin abinci har ta dace da laburaren jami'a. Suna da ɗaki na musamman mai na'urar sanyaya wuri, sun ce in kayan sun kai yadda ta faɗa za su ware musu kusurwa guda, su kafa allo da sunan wanda ya bayar. Ta kwana biyu tana juya yadda za ta faɗa masa. Daga ƙarshe ta faɗa tana ba shi shayi, idonta a kan kofi, ta haɗa da maganar aikin gaba ɗaya don kada ƙarfin zuciyarta ya ƙare a hanya.

Ta shirya wa faɗa. Ta shirya wa shirun nan nasa da kan yi mako. Sai kawai ya daɗe yana kallon kantocin, sannan ya ce, "Garin da nisa?"

"Da ɗan nisa, Baba. Amma zan riƙa zuwa."

"To. Mutumin ya zo ya gani."

Sauƙin abin ya ba ta tsoro, amma wanda ya daɗe a tsaye ba ya tambayar dalilin da aka ba shi kujera. Ta kama shiri, har ta sauko da akwatin tafiyarta. Ta gaya wa shugabanta a wurin aiki, ta gaya wa ƙawarta ta ɗan ƙara haƙuri kaɗan, an kusa. A kwanakin nan ko kantar littattafai ɗaya ba ta taɓa ba, tana dawowa a gajiye, ta tarar da Baba shi ma a gajiye, ya ci abinci ya nemi kwanciya.

Mutumin laburaren ya zo da hantsi ranar hutu. Dogo ne, mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa. Kafin a ce masa komai ya tambayi inda zai wanke hannu, ya kuma tsane su sosai. Baba ya kalli Auta ya ɗan gyaɗa kai, wato wannan ɗan halak ne. Goggo ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, domin ita ko yau ba a yarda ta wuce nan ba.

"Fara da na alƙali," in ji Baba, yana nuna kabad ɗin gilashi da haɓa. "Auta, ba shi."

Ta ciro shi ta ɗora a kan matashin da ake ɗora su. Mutumin ya duba bango, ya duba ɗinki, ya shinshina shi ma a fakaice, irin na masu wannan ciwo. Sannan ya ɗaga bangon da yatsa ɗaya. Ya tsaya. Ya gyara tabarau, ya sake dubawa, ya ɗago ya kalle ta.

"Malama, ko za ki ɗan zo?"

A saman shafin ga sa hannun alƙalin nan da ta sani tun tana yarinya, tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. A ƙarƙashinsa kuma ga wani sabon rubutu, shuɗi shar, karkatacce, haruffan na hawa kan juna, wani wurin har bakin abin rubutun ya huda takarda. Sai da ta karanta sau biyu ta gane. Sunanta ne, cikakke, wanda aka raɗa mata, ba Auta ba.

Dole a tsaya a faɗi abin da wannan ke nufi a gidan nan. Baba bai taɓa sa ko ɗigo a littafinsa ba. In aka ce ya sa sunansa kamar yadda na gabansa suka yi, sai ya ce wane shi, ma'aikacin gidan waya, ya zauna a ƙarƙashin alƙalin alƙalai. Tawada ba ta shiga ɗakin. Yaya Babba ya taɓa shan mari saboda ya leƙo da biro a aljihun rigar makaranta.

"Biro ne," in ji mutumin a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. "Da fensir ne da da sauƙi."

"Ni na sayo masa," in ji Goggo daga bakin ƙofa, cike da jin daɗi. "Ya ce zai koyi rubutu da hagu. Ai likita ma ya ce ya riƙa motsa hannun. Kullum kina fita sai ya ce in turo shi nan in ja ƙofa. Yayan nan nawa akwai naci, wani lokaci har abinci ya huce."

Auta ta ciro na likitar. Sunanta. Ta ciro na ministan. Sunanta, a ƙasan nasa, kusa da layin farcensa. Ta durƙusa ta bi kantar ƙasa, tana buɗewa tana rufewa, ta ma manta da matashi. Duk inda hannun mai zaune a kujera zai kai, ya kai. Ana iya gane waɗanda ya fara da su, domin a nan rubutun ko karantuwa ba ya yi. A ɗaya harafin farko ya ƙwace masa, ya soke, ya sake a gefe, a shafin da ko numfashi ba ya bari a yi a kansa. Zuwa ƙarshen kantar hannun ya fara zama, har ya ɗan soma kama da rubutunsa na da, wanda yake yi a bayan ambulan.

Mutumin laburaren ya yi ta duba sauran cikin natsuwa. Da ya gama ya haɗa hannuwansa a baya.

"Baba, ban taɓa ganin kaya masu lafiya irin waɗannan a gidan mutum ba. Maganar biro, a wajen dillalai ta rage musu daraja, ba zan ɓoye ba. Amma mu ba dillalai ba ne, za mu karɓa da hannu biyu." Ya juyo wajen Auta. "Sai dai kin san al'adar masu tara irin wannan. Sunan da ke ƙasa shi ne mai littafi. Ashe ba da Baba zan yi magana ba, da ke ce. In kika ce to, jibi mota ta zo."

"Haka ne," in ji Baba. "Nata ne."

"To alhamdulillahi, abu ya zo da sauƙi," in ji Goggo. "'Yar nan, ki ce to mana, mutum na tsaye."

Mutumin ya fi Goggo ganin abin da ke ɗakin. Ya ce zai ɗan fita waje ya amsa waya, wayar da ba wanda ya ji ƙararta. Goggo ta bi shi da tayin ruwa.

Suka rage su biyu. Auta na durƙushe har yanzu a gaban kantar ƙasa, gwiwoyinta sun fara ciwo.

"Baba, me ya sa?"

"Me zan ba ki da ya fi su? Gida naku ne duka. Waɗannan kuwa ke kika raine su." Ya numfasa, maganar na fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Na ce kada mutum ya zo ya kwashe, a kafa allo da sunana, ke da kika yi wahalar ba a san da ke ba. Yanzu duk wanda ya buɗe zai ga alƙali, ya gan ki."

Ta kalle shi tana neman wayo a fuskarsa. Ta so ta samu, domin da ta samu da ta yi fushi, fushin kuma ya kai ta har tasha. Ba ta ga komai ba sai tsoho mai rabin fuska, da ɗan shuɗi-shuɗi a gefen yatsunsa na hagu wanda sai yanzu ta lura da shi. Ko kyauta ce ya yi mata, ko kwaɗo ya sa wa ƙofa, ba ta sani ba. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Abin da ta sani shi ne mutumin da ya fi son takardun nan a kan lafiyarsa ya ɓata su da hannunsa saboda ita, kuma ba wanda ya taɓa yi mata abu mai girman wannan. Ta ji son sa ya cika mata ƙirji, ta kuma ji kamar an ɗaure mata ƙafa, duka a lokaci guda.

Duk tsawon shekarun nan tana da abin faɗa: Baba ya hana. Ta faɗa wa ƙawarta, ta faɗa wa wani mai kirki da ya yi ta zarya har ya gaji, ta faɗa wa kanta. Yau Baba bai hana ba. In mota ta zo jibi, bakinta ne ya kira ta. Ita za ta tsaya tana nuna wa 'yan dako kantar da za su fara kwashewa, shi yana zaune a tsakiyar ɗaki yana kallo.

"In na bayar fa, Baba?"

"Kin bayar da naki."

"Kai kuma fa?"

"Sai in koma gidan Yayanki." Ya kalli kantocin. "An ce akwai talabijin a ɗakin."

Bai faɗa da gatse ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya faɗa ne yana ƙoƙarin taimaka mata. Ta hango shi a ɗakin baƙin nan mai labule ja, an juya kujerarsa wajen akwatin talabijin, jikoki na canza tasha, hannunsa mai rai a kan cinya ba abin da zai nuna.

Ta tashi ta fita. Mutumin laburaren na tsaye a inuwar baranda da kofin ruwa.

"Malam, ka ɗan ba ni lokaci. Zan kira ka."

"Babu gaggawa, Malama," ya ce. Ya ba ta katinsa, amma yadda ya miƙo shi, ta san ba ya sa ran jin muryarta. Ya ƙara da cewa, "Ki riƙa sa farar takarda a tsakani, kada sabuwar tawadar ta kama bango." Ta raka shi bakin titi. Motoci na wucewa, mai gyaran taya na buga ƙarfe a tsallake, wata babbar motar haya ta tsaya ta ɗauki mutane da jakunkunansu ta tafi. Ta daɗe a tsaye fiye da yadda rakiya ke buƙata.

Da ta dawo ta tarar Baba ya tura kansa da ƙafa ɗaya har jikin tebur. Ya zaro biron daga ƙarƙashin matashin kujerarsa, ya cire murfin da haƙori.

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Mutumin kirki ne. Ya iya riƙe littafi." Ya ɗaga ido sama, wajen kantocin da suka kai rufi. "Na saman nan ne suka gagare ni. Sauko mini da su mu ƙarasa, kada a ce wasu naki ne wasu ba naki ba."

Akwai amsoshi da yawa a bakinta. Za ta iya cewa sai gobe. Za ta iya cewa a bar su haka. Za ta iya cewa, Baba, ƙarshen wata saura kaɗan. Ta duba fuskarsa, ta ga yana jiranta da irin murnar yaron da ya ɓoye kyauta ya gaji da ɓoyo.

Ta wanke hannu, ta tsane, ta jawo tsani. Ta sauko da na farko ta ɗora a kan matashi, ta ɗaga bango. Sunan wani janar ne a sama, da ƙaton sa hannu. Baba ya sunkuya, ya kafa biron, takardar ta zame.

"Riƙe mini shafin," ya ce. "Guduwa yake yi."

Ta sa yatsu biyu ta danne gefen. Bakin biron ya fara tafiya, a hankali, yana rawa, yana zana harafin farko.

"Auta," Goggo ta kira daga tsakar gida, "akwatin nan da kika sauko da shi ya tare hanya. In bar shi a nan ne, ko in mayar ɗaki?"

Auta ta buɗe baki, sai ta ga in ta ɗaga murya hannunta zai motsa, ga shi Baba ya kai tsakiyar sunan. Ta yi shiru ta ƙara danne shafin.